Yadda Ake Ratsa Duwatsun Lesotho a Kan Doki da Kuɗi Kaɗan

Lesotho ƙaramar ƙasa ce da Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko'ina, gabas da yamma, kudu da arewa. Faɗinta murabba'in kilomita 30,355 ne, mutanenta sun ɗan haura miliyan 2, kuma mafi yawanta duwatsu ne. Wurin da ya fi ko'ina gangare a ƙasar yana kan tsayin kusan mita 1,400 daga teku, wato kwarin Lesotho ma ya fi garin Jos tudu. Ƙololuwarta kuwa, dutsen Thabana Ntlenyana, ya kai mita 3,482. A cikin waɗannan duwatsu akwai ƙauyuka da yawa da har yau mota ba ta zuwa. Mu a wajenmu doki na hawan salla ne da kilisa, ana yi masa ado a fito da shi rana guda. Su Basotho, mutanen ƙasar, da shi suke zuwa kasuwa da asibiti da wurin niƙa, a kansa ake ɗora buhun masara a kai gida.

Wannan ne ya sa mai ƙaramin ƙarfi zai iya ganin ƙasar sosai. Dawakin na mutanen ƙauye ne, ɗakunan kwanan nasu ne, hanyar ma tasu ce ta yau da kullum. Tsadar tafiyar tana wajen tikitin jirgi da takardu. Da zarar ka shiga ƙasar, za ka iya tsimi a kan mota da makwanci da abinci. Abu uku ne ba a tsimi a kansu: jagora ɗan gari, lafiyayyen doki, da kayan sanyi. Duk abin da zan faɗa nan gaba a kan wannan ya ginu.

Mataki na farko: takardu

Ba a shiga Lesotho sai ta Afirka ta Kudu, ko ta ƙasa ko ta sama, domin jiragen fasinja da ke sauka a filin jirgi na Moshoeshoe I kusa da Maseru, babban birnin ƙasar, daga Johannesburg suke tasowa. Don haka ƙasashe biyu za ka nemi izininsu. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Afirka ta Kudu, yana kuma buƙatar ta Lesotho. Mai fasfon Ghana, tun watan Nuwamba na 2023, ba ya buƙatar biza don gajeriyar ziyara zuwa Afirka ta Kudu. Kowace ƙasa ka fito, ka tambayi ofishin jakadancin ƙasashen biyu kafin ka sayi tikiti.

Ga inda ake yawan samun matsala. Idan ka shiga Afirka ta Kudu, ka tsallaka Lesotho, to ka fita daga Afirka ta Kudu ke nan. Dawowa Johannesburg don ka hau jirgin gida shiga ce ta biyu. Bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi maka ba. Ka nemi wadda ake shiga da ita fiye da sau ɗaya, ka rubuta a takardar neman cewa za ka je Lesotho ka dawo, sannan idan an ba ka ka karanta abin da aka buga a jikinta kafin ka bar wurin. Ka kuma ƙirga kwanakin da aka ba ka da kyau, domin wanda ya wuce wa'adinsa a Afirka ta Kudu ana iya hana shi shiga ƙasar na shekara guda ko fiye.

Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga wanda ya taso daga Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan. A yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Fasfo kuma ya kasance da shafuka da ba a taɓa ba, saboda tambari zai yi yawa. Sai inshorar tafiya: ka tambaye su a fili ko ta haɗa da hawan doki, don wasu kamfanonin suna cire shi daga abin da suke biya.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Yanayin can kishiyar namu ne. Daga Nuwamba zuwa Maris lokacin zafi ne da ruwan sama. Duwatsu sun yi kore shar, amma hadari yakan haɗu da rana tsaka ko da yamma, ga tsawa mai kisa, ga koguna da ke cika cikin awa guda su tare hanya. Daga Yuni zuwa Agusta hunturu ne na gaske: ruwa yana daskarewa da dare, dusar ƙanƙara tana rufe manyan duwatsu, wani lokacin har ta toshe titi. Sararin sama yakan yi tas da rana, amma dare a ɗakin da babu wuta ba wasa ba ne ga wanda sanyin da ya sani bai wuce na Disamba a gida ba.

Ni dai da za a tambaye ni, sai in ce Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da ruwa ya ɗauke, ciyawa tana nan, dawaki sun ƙoshi. In ba haka ba, Satumba zuwa Oktoba, sai dai a lokacin dabbobi sun fito daga hunturu, wasu sun rame, don haka duba doki ya ƙara zama wajibi. Ka kauce wa tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu da makon Ista, lokacin da 'yan Afirka ta Kudu ke hutu suna cika masaukai. Kuma ko wane wata ka je, sanyi yana iya sauka a kan dutse ba sallama.

Mataki na uku: shiga ƙasar da riƙon kuɗi

Jirgi daga Johannesburg zuwa Maseru tafiyar kusan awa guda ce, amma kuɗinsa zai iya cinye abin da za ka yi kwanaki da shi a kan doki. Hanyar ƙasa ta fi araha nesa ba kusa ba. Akwai ƙananan bas-bas na haya da ke tashi daga tsakiyar Johannesburg kai tsaye zuwa gadar Maseru, tafiyar awa 5 zuwa 6. Akwai kuma manyan bas zuwa Bloemfontein, daga can ka shiga ƙaramar mota zuwa iyaka. Ka yi sammako. Tashoshin tsakiyar Johannesburg wuri ne da ake kula da aljihu da waya, kuma ba a son baƙo ya isa Maseru bayan magariba yana neman masauki da jaka a baya.

A iyaka mota za ta sauke ka, ka sa a buga maka tambarin fita, ka taka gadar da ke kan kogin Mohokare da ƙafa, ka sa a buga na shiga. Ka buɗe fasfo ka ga tambarin da idonka a kowane ɓangare. A ɗaya gefen akwai tasi masu ɗaukar mutum huɗu da ake kira 4+1, su za su kai ka babbar tasha.

Kuɗin ƙasar sunansa loti, jam'insa maloti, kuma darajarsa ɗaya da rand na Afirka ta Kudu. Ana karɓar rand ko'ina a Lesotho, amma ba a karɓar loti a Afirka ta Kudu. Saboda haka ka canja dalarka zuwa rand tun a Johannesburg, ka nemi ƙananan takardu, domin mai shago a ƙauye ba lallai ya sami canjin 200 ba. Na'urar cire kuɗi tana Maseru da manyan garuruwa irin su Mafeteng. Kada ka sa rai da ita a cikin dutse. Ka sayi layin waya na Vodacom ko Econet a Maseru, ka sauke taswira a wayarka tun kana da intanet. Agogonsu yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

Kwana ɗaya ko biyu a Maseru ba asara ba ne. Jiki yana sabawa da tudu, ka yi cefane, kuma Thaba Bosiu yana nan kusa, kimanin kilomita 24. A kan wannan dutse mai shimfiɗaɗɗen kai ne Sarki Moshoeshoe na Ɗaya ya kafa sansaninsa a 1824, ya tara mutanen da suka zama al'ummar Basotho, kuma a nan kabarinsa yake. Wanda ya hau wurin zai fahimci dalilin da ya sa ƙasar ta tsira da kanta har ta karɓi 'yanci daga Birtaniya ranar 4 ga Oktoba, 1966.

Mataki na huɗu: daga ina za a tashi?

Wurare biyu ne suka fi dacewa da mai zuwa a motar haya.

Malealea ƙauye ne a gundumar Mafeteng, kimanin kilomita 80 kudu da Maseru. Ka shiga motar da ke bin titin kudu, ta wuce Morija, ka sauka a mararrabar Motsekuoa, ka jira wata mai shiga ciki. Sai mota ta cika take tashi, don haka ka ba tafiyar rabin yini. Gab da isa za ku haye wani mashigi mai tsayin mita 2,001 da ake kira Gates of Paradise, wato Ƙofofin Aljanna, inda kwarin duka ke buɗewa a gabanka lokaci guda. Masaukin da ke ƙauyen asalinsa kantin ciniki ne da wani Bature mai suna Mervyn Smith ya kafa a 1905. Yana da ɗakuna masu tsada, yana da na araha da ake haɗa banɗaki, da filin kafa tanti, da kicin da baƙo zai dafa abincinsa. Dawakin na mutanen ƙauyen ne, suna da ƙungiyarsu, masaukin kuma yana haɗa baƙi da su. Daga nan ana yin tafiyar awa biyu zuwa rabin yini zuwa matsirgar Botsoela, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ko wuraren kogo masu zanen mutanen San, mafarautan da suka zauna a yankin tun dā, ana yin ta kwana ɗaya zuwa Ribaneng, ana kuma yin doguwa ta kwanaki da ke bi ta matsirgar Ketane har zuwa Semonkong.

Semonkong ya fi tudu, yana kan kusan mita 2,275, don haka ya fi sanyi. Ana zuwa daga Maseru ta Roma, garin jami'ar ƙasar, a wuce Ramabanta, tafiyar kimanin kilomita 120 a kan kwalta mai hawa da lanƙwasa. Gari ne na masu dawaki: za ka ga an ɗaure su a ƙofar shaguna, masu su sun lulluɓa da bargo. Kusa da garin ne matsirgar Maletsunyane take, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse tsawon mita 192 ba tare da ya taɓa komai ba. A gefenta ake saukar da masu ƙarfin hali da igiya tsawon mita 204, saukar da ta shiga kundin bajinta na duniya na Guinness. Tana da tsada, kuma ganin ruwan daga bakin kwazazzabo ya wadatar. Da hunturu ana sukuwar dawaki a nan, babbar ita ce ta wajajen ranar haihuwar Sarki Letsie na Uku, 17 ga Yuli.

Akwai kuma ɓangaren gabas, Mokhotlong da mashigin Sani, inda hanya ke hawowa daga lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu zuwa sama da mita 2,800. Yana da kyau ƙwarai, amma hawan yana buƙatar mota mai jan ƙafa huɗu, ga nisa, ga sanyi. A bar shi sai zuwa na biyu.

Wanda bai taɓa yini a kan sirdi ba, ya fara da Malealea, ya yi gajeriyar tafiya ta rabin yini, ya kwana ya ji yadda cinyoyinsa da bayansa suka tashi. In lafiya, sai ya yi ta kwana ɗaya ko biyu. Kada ka biya kuɗin kwana biyar tun ba ka gwada awa uku ba.

Mataki na biyar: ciniki da duba doki

Kuɗin tafiya yakan kasu kamar haka: dokin da za ka hau a kowace rana, jagora da dokinsa, dokin kaya idan za a kwana, da kuɗin ɗakin ƙauye. Jagora da dokin kaya ana raba kuɗinsu tsakanin matafiya, shi ya sa mutum ɗaya ya fi kowa biya. In kai kaɗai ne, ka tambaya a masauki ko akwai wasu baƙi masu fita gobe, ku haɗu. Mutum uku ko huɗu shi ne daidai. Kafin ka biya, a faɗa maka dalla-dalla abin da ke ciki: kwana nawa, wane ƙauye za a kwana, wa zai ciyar da jagora, akwai tukunya da murhun gas a ɗakin ko babu, me zai faru idan kogi ya hana wucewa. A rubuta.

Wani zai iya tare ka a hanya ya ce zai ba ka doki a rabin kuɗi. Araha ba ta ado. Ba ka san dokin ba, ba ka san sirdin ba, kuma idan wani abu ya faru a cikin dutse babu wanda ya san inda kuka nufa. Ka bi ta ƙungiyar masu dawaki ko masaukin da aka sani. Ban kuma ga amfanin matsa wa mai doki ya rage kuɗi ba. Abin da za ka rage bai kai kuɗin shayi a filin jirgi ba, shi kuwa da shi zai sayi abincin dokin da zai fid da shi hunturu.

Dawakin Basotho gajeru ne, masu kauri da ƙarfin kofato. Asalinsu daga dawakin da Turawan Holan suka kawo yankin Cape tun ƙarni na 17 ne, suka iso hannun Basotho a farkon ƙarni na 19, duwatsu da sanyi suka tace su. Sun yi suna har sojojin Birtaniya suka saye su da yawa a yaƙinsu da Turawan Boer na Afirka ta Kudu, na 1899 zuwa 1902. Da yake ba manya ba ne, ana sa iyakar nauyin mahayi, a wasu wurare wajen kilo 90. Ka faɗi nauyinka na gaskiya.

Ka zo da wuri ka ga dokin tun ba a ɗaura sirdi ba. Ka shafa gadon bayansa da wurin da majayi ke bi. In akwai miki, ko kumburi, ko ya zabura da ka taɓa, ka nemi a canja shi, cikin ladabi. Ka sa a ja shi ya yi taku kaɗan ka ga ko yana ɗingishi. Haƙarƙari a waje alamar yunwa ce. Sannan ka duba sirdin: fatar majayi da igiyar likkafa kada su zama sun tsattsage ko an ɗaure su da waya. Ka nemi hular kwano, ka sa ta, ko da jagoranka bargo da hular ulu kawai ya sa.

Mataki na shida: kaya

Babbar jakarka ta zauna a masauki. Abin da za ka ɗauka ya shiga jaka mai laushi, a naɗe komai a leda, domin dokin kaya yana ratsa ruwa yana goga jikin dutse. Jakar barci mai kauri ita ce a gaba da komai. Sai riguna da ake sawa ɗaya kan ɗaya, rigar sanyi, rigar ruwa, hular sanyi, safar hannu, safa mai kauri. Wando ya zama dogo, mai taushi, marar kaurin ɗinki a cikin cinya, in ba haka ba fata za ta saluɓe tun kafin azahar. 'Yan'uwa mata su sa wando mai faɗi a ƙarƙashin riga mai tsayi zuwa gwiwa, a kuma tattare hijabi a cusa shi cikin rigar sanyi don kada iska ta ɗaga shi ya razana doki ko ƙaya ta kama shi. Takalmi ya zama rufaffe mai ɗan dunduniya, don kada ƙafa ta zurma cikin likkafa.

Rana a kan tudu tana ƙona fata ko ana sanyi, leɓe yana fashewa, don haka man shafawa da tabarau. Sai tocila, batirin ajiye caji, ashana, maganin ciwon jiki da na gudawa, bandeji, da ƙwayar tsarkake ruwa. Babu zazzaɓin cizon sauro a Lesotho. Amma idan ka taso da shi a jikinka daga gida, ka gaya wa ma'aikacin lafiya daga inda ka fito da zarar ka ji zazzaɓi. Bargon Basotho na ulu, wanda ake maƙale shi da babban fil a ƙirji ko kafaɗa, yana da tsada kaɗan, amma yana tare iska da yayyafi, kuma in za ka sayi tsaraba ɗaya to shi ne.

Mataki na bakwai: a kan sirdi

Ka hau ta hagu. Jagora zai daidaita maka tsawon likkafa yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe. Gaban tafin ƙafa kawai ke shiga likkafa, dunduniya tana ƙasa. Bayan an yi tafiyar minti 15 a tsaya a ƙara ɗaure majayi, domin doki yakan kumbura ciki lokacin ɗauri ya sake daga baya, sirdi ya fara juyawa.

Wanda ya saba da hawan gida, inda ake riƙe linzami gam ana juya doki yadda ake so, shi ya fi buƙatar sabon koyo. Waɗannan dawaki sun fi ka sanin hanyar. Daga Malealea zuwa Ribaneng sai an sauka cikin kwazazzabon kogin Makhaleng, a kan wata siririyar hanya mai lanƙwasa, duwatsu suna gangarawa ƙarƙashin kofato. Za ka ga dokin ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai har hancinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya dubi dutsen, ya miƙa ƙafa ɗaya ya gwada, sannan ya ɗora nauyinsa. A daidai wannan lokacin zuciyarka za ta ce ka ja linzami. Kada ka ja. Da wuyansa yake daidaita jikinsa, in ka ɗage masa kai ka hana shi ganin inda zai taka. Ka sassauta linzami, ka kwantar da jikinka baya, ka tura ƙafafu gaba, ka dubi kunnuwansa maimakon ramin da ke gefe. A wajen hawa kuma ka sunkuya gaba, ka kama geza, ba ya jin zafinta. Inda jagora ya ce a sauka a ja, ka sauka ka ja, kana gefe ba a gabansa daf ba.

A kogi ma haka. Jagora ne zai fara shiga. Ka bi sawunsa daidai, ka zuba ido a ɗaya gaɓar, saboda kallon ruwa mai gudu yana sa jiri. In ya dubi ruwan ya ce ba a wucewa yau, magana ta ƙare. Da ɗan gari akan ci gari.

Yawancin tafiyar taku ne, awa 6 zuwa 7 a ranakun doguwar hanya. A fili mai laushi wasu dawakin suna da wata tafiya ta musamman mai sauri wadda ba ta jijjiga mahayi, in jagora ya ba da dama ka gwada. Ka bar tazarar tsawon doki ɗaya tsakaninka da na gaba saboda harbi. Kada ka buɗe rigar ruwa ko leda kana kan sirdi. Ka sha ruwa akai-akai ko ba ka jin ƙishi. Ciwon kai da haki a ranar farko aikin tudu ne, amma in suka ƙaru har da amai, ka gaya wa jagora a sauko ƙasa.

Tsawa ita ce babban haɗari a lokacin ruwa. A yi sammako don a sauka daga doron dutse kafin la'asar. In hadari ya riske ku a sama, a sauka daga kan dawaki, a gangara, a nisanci itace guda da ke tsaye shi kaɗai da shingen waya.

Za ku riƙa haɗuwa da makiyaya, samari da yara cikin bargo mai ruwan toka da takalmin roba, riƙe da sanda, suna kiwon tumaki da awakin angora masu dogon gashi. Karnukansu manya ne kuma ba sa wasa. Kada ka nufi garke ko bukkarsu kai kaɗai. Ka gaishe su, kada ka ɗauki hoton kowa sai ka tambaya. In jagora ya ce a kewaye wani wuri saboda ana horon samari na al'ada, ku kewaye, kada ka ɗaga waya.

Dare a ƙauye

Ɗakin zagayayye ne, ginin dutse da laka, da jinka a sama. A ciki akwai katifu a ƙasa, bokitin ruwa, tukwane, galibi da murhun gas. Babu lantarki, masai na rami ne a waje. Da rana ta faɗa bayan dutse sanyi yake sauka, hayaƙin kandilo ya tashi daga gidaje, domin itace yana da wuya a can, a ji ƙararrawar tumaki suna dawowa. Kafin ka nemi abincinka, ka taya jagora kwance sirdi. Idan kuka hura wuta ko gawayi a ɗaki, kada ku kwanta da ita ƙofa a rufe.

Basotho mutane ne masu girmama gaisuwa, wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Namiji babba ana ce masa ntate, mace 'm'e. Gaisuwa ita ce lumela, ana furta ta dumela, ko khotso, wato zaman lafiya. Godiya kea leboha. Kowane ƙauye yana da sarkinsa, morena, kuma ba a kafa tanti a ƙasarsa sai da izininsa. Yara za su bi ka suna roƙon alewa. Kada ka raba. In kana son taimakawa, ka sayi burodi ko ƙwai ko kayan saƙa a hannun iyayensu, ko ka ba makaranta ta hannun jagora.

Abincin ƙasar shi ne papa, tuwon masara mai tauri, da moroho, wato dafaffen ganye, sai wake da burodin da ake turarawa. Mafi yawan mutanen Kirista ne, ana cin alade, kuma Musulmi tsiraru ne, sun fi yawa a Maseru da Butha-Buthe a arewa. Saboda haka a cikin dutse Musulmi ya dogara da cefanensa: shinkafa, taliya, kifin gwangwani, ƙwai, gyaɗa, dabino, shayi da madarar gari. Ka lura kada ka ɗauko kilishi daga gida, ana iya ƙwace nama a filin jirgin Afirka ta Kudu. Akwai wani kunun dawa mai tsami da ake kira motoho, akwai kuma giyar gargajiya, joala, wadda ake kafa farar tuta a ƙofar gidan da ake sayar da ita. Ka tambaya kafin ka kai ƙwarya baki. Ka dafa da jagora, ku ci tare. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa ƙwaya, ko da ya fito garau, saboda akwai dabbobi a saman rafin.

Alƙibla a Lesotho ba gabas take ba. Arewa ce, da ɗan karkata zuwa gabas. Da tsakar rana kuma rana tana ɓangaren arewa duk shekara, inuwa tana faɗawa kudu. Ka gaya wa jagora tun da safe cewa za ka tsaya salla, zai zaɓi wurin da ke da ruwa da ciyawa, dawaki ma su huta. Sauƙin da aka yi wa matafiyi na kasaru da haɗa salloli yana da amfani sosai a nan, ka tambayi malaminka hukuncinsa kafin ka taso. Ruwan alwalar asuba kuwa ka ɗuma shi a murhu.

Dawowa

Ka ware kuɗin ihsani tun farko, ka miƙa wa jagora hannu da hannu. Shara duka ta dawo tare da kai. Kada ka tumɓuke tsiro, musamman wani mai ganye a murɗe da ake kira spiral aloe, wanda a duwatsun nan yake fitowa kuma doka ta hana cire shi. Ka bar aƙalla kwana biyu tsakanin ranar da za ka sauka daga doki da ranar jirginka, domin kogi ko dusar ƙanƙara ko motar da ta ƙi cika suna iya cinye yini guda. Kafin ka taka gadar Maseru, ka kashe maloti da suka rage ko ka canja su zuwa rand, ka kuma sake duba kwanakin da suka rage maka a bizar Afirka ta Kudu.